Rasuwar Goggo, A-kori-kurar Malam Henry

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da ya riga zuciyar gajiya, Malam Henry Ɗanmalam na Hayin Dogo, Samaru, da maiɗakinsa Malama Elizabeth, da ɗaukacin iyalinsu, suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar motarsu a-kori-kura, wadda kowa ya sani da suna Goggo. Ta cika ranar Juma'ar makon jiya, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a tsakiyar hawan gadar Kwangila, bayan jinyar wata huɗu. Ta rasu tana da shekara arba'in da biyu, tana ɗauke da kwando goma sha huɗu na tumatir.

Marigayiyar ta yi ƙuruciyarta tana jigilar abincin kaji a wata gona da ke hanyar Funtuwa. Da gonar ta durƙushe aka yi gwanjon kayanta, a nan ne Malam Henry, wanda a lokacin malamin gona ne, ya gan ta a gindin mangwaro, taya biyu a sace, kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. A ɗaure da igiya ya kawo ta gida. 'Yarsa Peculiar ce ta raɗa mata suna, domin ta ce motar ba ta tashi da safe sai ta yi gunaguni, kamar goggonsu ta Wusasa. Goggon ta Wusasa ta ji labari ta yi fushin wata biyu, daga baya kuma ita ce ta fi kowa son kujerar gaba.

Shekara ashirin da bakwai ta yi a gidan nan, ba a taɓa jin ta ƙi kaya ba. Ta ɗauki bencin coci duk lokacin babban taro. Ta ɗauki ragunan maƙwabta da Babbar Sallah. Ta kai masu naƙuda asibitin Shika, ta kai gadaje da kujerun amare, ta kai gawa maƙabarta, wata a akwati wata a makara, ba ta taɓa tambayar addinin wanda ke kwance a bayanta ba. Tun da Malam Henry ya yi ritaya kuwa, sai ta zama ita ce ofishinsa. Duk Talata da Juma'a yakan shiga ƙauyukan bayan Shika ya kwaso kayan lambun matan can, tumatir da tattasai da alayyafo, ya kai musu kasuwar Sabon Gari. Sauran kwana biyar na mako yakan yi su ne yana jiran waɗannan biyun.

Ba za a ce ba ta da aibi ba. Ƙofar direba ba ta buɗuwa sai daga waje. Allurar mai ta tsaya a rabin tanki tun Peculiar na sakandare. Amma zuciyarta ƙalau take. Ana murɗa makulli sai ta ce ƙir-ƙir-ƙir, ta yi ɗan tari, sannan ta kama: dum-dum-dum-dum, huɗu-huɗu, ba gaggawa, ba tsallake.

Cikin watan Agusta, bayan wani ruwa na kwana uku, tsallaken ya fara. Malam Henry ya tada ta da safe ya ji ta ce dum-dum, ta yi shiru, sannan dum. Sitiyari ya riƙa rawa a hannunsa, salansa na warin ɗanyen fetur. A miƙaƙƙen titi takan daure, amma da an zo hawa sai ta dinga fizga kamar mai shaƙuwa, can kuma ta saki wani fat! ta baya, har 'yan acaɓa su waiwayo.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba. Wani ya ce gurɓataccen mai aka zuba mata. Wani ya ce kafireta ce ta toshe. Peculiar, wadda yanzu take aikin jinya a Kaduna, ta bugo waya ta ce a kai ta inda ake auna mota da na'ura. Malam Henry ya kai ta wani sabon gareji a PZ. Mai garejin ya fito da na'urarsa a hannu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya zagaya ɗaya ɓangaren ya sake leƙawa, sannan ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Baba," ya ce, "wannan ai ba ta da inda za a tambaye ta."

Daga nan Malam Henry ya wuce inda ya kamata ya fara zuwa, rumfar Malam Muhammad Auwal bakanike, kusa da layin dogo a Sabon Gari. Malam Auwal shi ne likitan Goggo tun ranar da aka kwance mata igiya, kuma a cikin shekarun nan gyaran mota ya zame musu abota. An san shi da abu ɗaya: ba ya tambayar mai mota abin da ke damunta. Sai ya tsaya gefen inji, ya karkata kai, ya lumshe ido, ya faɗi ciwon. Wannan karon bai karkata kai ba. Bayan motar ya zagaya, ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya daɗe a haka, sannan ya sansana hannun. Malam Henry ya lura, amma bai kawo komai a ransa ba.

"Wuta ce, ba mai ba," in ji Malam Auwal. "Mai na zuwa, ga warinsa nan ɗanye. Abin da zai kunna shi ne ba ya zuwa."

Injin Goggo ɗaki huɗu gare shi, kowane ɗaki da filoginsa mai kunna fetur, kowane filogi da wayarsa. Malam Auwal ya dafa jikin motar da hannu biyu, ya ce wa abokinsa ya riƙa zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, inji na aiki. Ɗakin da ke da lafiya, in aka zare masa waya inji zai ƙara raunana. Wanda ya riga ya mutu, ko an zare ba abin da zai canja. Malam Henry ya kama ta farko, wuta ta bi ta hannunsa har sai da ya ji ta a haƙori.

"Lamba ɗaya na da lafiya," Malam Auwal ya ce, bai ko yi murmushi ba. "Ɗauki tsumma ka kama ta biyu."

A ta uku ne babu abin da ya motsa. Aka kwance filoginta, ya fito baƙi ƙirin, jiƙe da fetur. Aka sa sababbi guda huɗu. Goggo ta koma dum-dum-dum-dum, Malam Henry ya koma gida yana waƙar coci a hanya. Kwana tara lafiyar ta yi.

Da ciwon ya dawo, ba a ɗaki na uku ya sauka ba. Yau yana na biyu, gobe na huɗu, jibi a neme shi a rasa, sai an ɗauko kaya an kama hawa ya bayyana. Malam Auwal ya ce ciwon da ke yawo ba a ɗakuna yake ba, a hanyar da wuta ke bi yake, don haka hanyar za su bi daki-daki har su kai tushe. Da tsakar rana ya sa aka lulluɓe gaban motar da tampol, su biyu suka shige ciki, tsofaffi masu furfura, gumi na zuba, inji na huci a fuskarsu. A cikin duhun nan Malam Henry ya ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga wayoyin yana faɗawa jikin ƙarfe, tas, tas, tun bai kai ga filogi ba. Ya ji wani sanyi a ransa, domin ga ciwo ido na ganinsa. Aka canja wayoyi. Mako biyu.

Sai aka buɗe distiribita, tukunyar da ke raba wa ɗakunan wuta bi da bi, aka sami murfinta da tsaga siririya kamar gashi, baƙin zane ya bi ta. Aka canja murfi. Kwana shida. Sai aka lura ciwon ya fi tashi in mota ta ɗau zafi, aka taɓa koyil, mai ƙarfafa wutar, aka ji shi kamar dutsen guga. Kafin a samo wani, Malam Henry ya yi mako uku yana yawo da gorar ruwa da tsumma. In ya zo gindin gadar Kwangila sai ya faka, ya zura hannu ta taga ya buɗe wa kansa ƙofa, ya jiƙa tsumma ya naɗe koyil, ya tsaya a rana yana jira ya huce, motoci na wuce shi. Aka canja koyil. Aka canja kwantak, 'yan ƙarafan nan biyu da ke buɗewa suna rufewa a cikin distiribita, domin bakinsu ya ƙone. Duk abin da aka cire, da gaske ya lalace. Duk abin da aka sa, da gaske sabo ne. Tsallaken bai bari ba.

Wata ya shiga, wata ya fita. Malam Henry ya rame. Baƙin mai ya zauna masa a farce, sabulu ya kasa. Bayansa ya fara ciwo saboda sunkuyo, gwiwarsa saboda turi. Ya daina sauraron wa'azi sosai, domin ko a coci kunnensa na ƙirga huɗu-huɗu. Wata safiya Malama Elizabeth ta same shi zaune a dakalin ƙofa, makulli a hannu, yana kallon motar bai tashi ba.

"Baban Peculiar," ta ce, "shekararka sittin da tara. In ka faɗi a titi, ita za ta ɗauko ka?"

"Saura abu ɗaya a duba," ya ce.

"Tun Agusta saura abu ɗaya."

Abin da ya kasa gaya mata shi ne, ba mutuwar motar yake tsoro ba kamar safiyar Talatar da zai farka babu wanda ke jiransa a ko'ina.

Masu jiran ma sun fara raguwa. Kayan lambu ba sa son rana, kuma Goggo ta sha makarar da su. Ɗaya bayan ɗaya matan suka koma hayar wasu motocin, suna ba shi haƙuri, shi ma yana ba su. Mama Bibiana kaɗai ta rage, wata gwauruwa mai lambun tumatir a bakin rafi, wadda ke riƙe da jikoki uku.

"Malam," ta ce masa, "shekara goma sha biyu kana ɗaukar kayana. Ba zan bar ka don motarka na tari ba."

Maganar ta yi masa daɗi, ta kuma yi masa nauyi fiye da buhun masara.

Ranar Laraba, kwana biyu kafin rasuwar, aka gano ciwon. Malam Auwal ya saita tazarar bakin kwantak da safe, suka zagaya gari suka dawo, ya duba ya ga tazarar ta canja. Ya sake saitawa, ta sake canjawa. A karo na uku, don gajiya kawai, ya ɗora babban yatsansa a kan sandar da ke juyawa a tsakiyar distiribita. Sandar ta yi lilo. Ya tura ta hagu ta tafi, ya tura ta dama ta dawo. Ya daɗe yana kallonta.

"Ga shi nan," ya ce a hankali. "Ita ke buɗe kwantak, ita ke raba wuta. Mazauninta ya cinye. Shi ya sa wutar take zuwa da wuri, ko a makare, ko ta ƙi zuwa. Wata huɗu muna canja rassa, ga saiwar a ƙarƙashin yatsana."

Babu irinta a Zariya. Ya ce zai aika Kaduna wurin masu tsofaffin kayan mota, amma sai mako guda. Ya ce kafin nan kada a hau ta. Malam Henry ya ce Mama Bibiana ta riga ta sa a tsinke tumatir saboda Juma'a. Malam Auwal ya yi ajiyar zuciya, ya sassauta gindin distiribitar, ya ɗan murɗa ta domin wuta ta riƙa zuwa da wuri kaɗan, motar ta samu ƙarfin hawa, ya ɗaure.

"Taka mata," ya ce. "Yaya ka ji ta?"

Malam Henry ya taka. Ta yi ƙarfi kam. Amma can ƙasan muryarta akwai wani ɗan ƙara, ƙyal-ƙyal-ƙyal, kamar tsakuwa a gwangwani. Ya dubi fuskar Malam Auwal, mutumin da ya shekara arba'in yana gyara da kunne, ya ga ko gezau. Sai ya ce a ransa, in da wani abu ne da ya faɗa.

"Ta yi," ya ce.

Ranar Juma'a suka baro Shika da kwando goma sha huɗu, Mama Bibiana a kujerar gaba. Tun daga Samaru tsakuwar nan take ƙara yawa a cikin gwangwani. A gindin gada Malam Henry ya sa giya ta biyu ya taka. Goggo ta kama hawa, ta yi iyakar ƙoƙarinta, kowa shaida ne. A tsakiyar hawan ta ce ƙyal-ƙyal-ƙyal da sauri, ta ce ƙwas sau ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, sannan shiru. Ya ja birki ya murɗa makulli. Ta ce ƙir-ƙir-ƙir, sakayau, babu tarin nan da ya saba biyo baya. Kalamanta na ƙarshe ke nan.

Ya zauna hannu biyu a sitiyari, ana ta yi masa ham daga baya. Mama Bibiana ce ta sauka, ta zagayo, ta buɗe masa ƙofa.

"Sannu, Malam," ta ce.

Kafin a samu keke-napep biyu a sauke kaya, rana ta yi aikinta, masu sarin safe kuma sun watse. Abin da ya tsira aka sayar, sauran ta koma da shi gida ta yanyanka ta shanya kauɗa.

Ranar Asabar aka buɗe inji a rumfar Malam Auwal. Fistin na biyu, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin ɗakin, ya huje, rami ne da babban yatsa zai shige, bangon ɗakin kuma ya kakkarce. Malam Auwal ya ce aikin wutar da ke zuwa da wuri ne, tana dukan fistin tun bai gama hawowa ba, kuma irin wannan ba ya faruwa sai ya yi gargaɗi. Malam Henry ya ce ai ya yi, tun ranar Laraba, ƙaran nan mai kama da tsakuwa.

"Wane ƙara?" in ji Malam Auwal.

Suka dubi juna. Malam Auwal ya ajiye sifana, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya goge hannu da tsumma har sau biyu kafin ya yi magana.

"Shekara biyu ke nan," ya ce. "Na hagu ya tafi, na dama na bin sa. Magana nakan kama a bakin mutum. Mota kuwa ba ta da leɓe. Ban gaya wa kowa ba, domin bakaniken da ba ya ji, wa zai kawo masa aiki? Da na ji ƙaran nan, wallahi da ba ka fita daga rumfar nan ba."

"Ni na ji ban faɗa ba," Malam Henry ya ce, yana ɗaga murya a karo na farko don abokinsa ya ji. "Ka kuma hana ni hawa na hau. Ni na kashe ta."

"Ni na murɗa."

Suna cikin haka Malama Elizabeth ta sauka daga keke da kwanon abinci. Ta tsaya ta saurare su, ta dubi injin, ta dubi tsofaffin biyu.

"Wato rigima kuke a kan wa ya kashe 'yar shekara arba'in da biyu," ta ce. "Ku wanke hannu ku ci."

Suka wanke hannu suka ci. Malam Auwal ya ce in ana so za a iya neman wani inji a ɗora mata. Malam Henry ya yi kwana biyu yana juya maganar. Ranar Litinin ya sunkuya zai ɗauki bokitin ruwa, bayansa ya ƙi miƙewa, sai da aka kama shi aka zaunar. A zaune a nan ya ce a bar ta ta huta.

Marigayiyar ta bar Malam Henry da Malama Elizabeth, da Peculiar wadda ta raɗa mata suna, da Mama Bibiana da sauran matan bayan Shika, da likitanta Malam Muhammad Auwal. Ta bar filogi huɗu da ba su kai wata biyar ba, da wayoyi, da murfi, da koyil, duk da sauran ƙuruciyarsu. Ta bar taya safaya wadda ta girme su duka, da baƙin tabon mai a tsakar gida daidai inda take kwana. Ta kuma bar distiribitar da ta iso daga Kaduna ranar Talata a naɗe cikin jarida, ba ta tarar da ita ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gawar na kwance a rumfar Malam Auwal, kusa da layin dogo, ga mai son yi mata kallon ƙarshe har zuwa yammacin Juma'a. Iyali sun amince a raba abin da zai amfani masu rai: batir zai tafi janaretan coci, tayoyi ga duk mai a-kori-kurar da ya fara zuwa, ƙarfen bayanta kuma Mama Bibiana ta roƙa, ta ce zai yi shanya. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe za a miƙa abin da ya rage ga 'yan gwangwan. Sun yi alkawarin ba za su ɗaga guduma ba sai Malam Henry ya tsallake layin dogo ya sha kwana. Malam Auwal ya ce shi zai tsaya tare da ita har a gama.

Za a karɓi gaisuwa a gida, Hayin Dogo, ranar Asabar ɗin daga ƙarfe huɗu na yamma. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da shawara, kada kuma su zo da labarin wata mota irin tata da ke tafiya har yanzu a Giwa ko Soba. Duk wanda ya haɗu da Malam Henry nan gaba yana tafiya a ƙasa a bakin titin Samaru, kada ya tambaye shi ina Goggo. Ya gaishe shi kawai. In kuma da wuri a motarsa, ya tsaya.